Masu dashen bishiya da alƙawarin kuɗin kabon: abin da na gani a gonata

Assalamu alaikum jama'a. An dame ni da tambaya akan masu rainon dashen nan da suka shigo yankinmu na Gumel bara, waɗanda ke kawo maka dashe har gona, su yi wa bishiyoyin rajista a waya, suce nan gaba za a rinƙa biyanka kuɗin kabon, wato kuɗin da ake biya saboda iskar da ke ɗumama duniya wadda bishiya ke zuƙewa ta riƙe a jikinta. Tunda na saya a wajensu kuma dashen ya ga hunturu ya ga bazara, inaga yanzu ina da bakin magana. Ba zan kama sunansu ba, wanda ya sansu ya sansu. Dashensu dai yana da kyau ƙwarai, kawowarsu akwai gyara, maganar kabon ɗin kuwa ita ce ta tsaya min a rai kuma a kanta zan fi daɗewa, don haka a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Wurin rainon nasu idan ka shiga za ka san akwai mai kula. Rumfa ce ta raga, ledoji a jere layi layi, kowane iri da sashensa, darbejiya, turare, zogale, dakwara, bagaruwa, gawo, tsamiya, kuka, sai ɓangaren kayan marmari mangwaro ɗan aure da gwaba da yazawa da dabino kaɗan. Suna da rijiyar burtsatse mai sola don haka ruwa baya yanke musu. Amma abin da ya fi burge ni wani dattijo ne da ke riƙe da wurin, tsohon ma'aikacin gandun daji ne, kowa Baba yake ce masa. Na ɗauki leda ɗaya ta gawo nace Baba ko zan iya farkewa in ga saiwar, yace farke mana Malam ai mai saye shi ke da ido. Na farke, ƙasar ta fito a dunƙule bata warwatse ba, haɗin rairayi ne da taki wanda ya ruɓe sosai, saiwar ta miƙe tsaye fara tas, bata nannaɗe a gindin ledar ba. Wanda ya saba sayen dashe a kasuwa ya san abin da nake nufi, sau da yawa sai ka ga sama kore shar amma ƙasa saiwa ta murɗe ta cukurkuɗe, irin wannan ko ya kama baya nisa, iskar farkon damina ke kayar dashi bayan wasu shekaru. Baba yace duk bayan ɗan lokaci suna ɗaga ledojin su datse saiwar da ta huda ta shiga ƙasa, kuma idan an kusa fitar da dashe suna rage masa ruwa su fito dashi rana don ya saba da wahala tun kafin ya je gona. Irin gawon ma ya nuna min wanda suke tsintowa a garken awaki, yace wanda ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsirowa saboda ɓawon ya yi laushi. Farashinsu ya ɗan ɗara na kasuwa, ni dai ban ga an cuce ni ba.

Matsala ta fara ne daga kawowa. An yi da mu farkon watan Yuli, ba a kawo ba sai ƙarshen Agusta, kuma kowa ya san ruwanmu a nan arewacin Jigawa, Satumba na ƙarewa sai dai a ce Allah ya kaimu baɗi. Dashen da ya kamata ya sha marka gaba ɗaya sai ya samu ƙarshenta kawai. A kurkura aka lodo su an ɗora wasu kan wasu, na ƙasa duk ledojin sun fashe. Yaran da suka zo dasawa kam sun yi aiki, rami mai zurfi, sun cire leda kafin su saka, sun yi wa kowanne ɗan gurbi na tare ruwa, ba ni da ƙorafi a kansu. Sai dai babu keji a cikin kuɗin kuma ba a faɗa mana tun farko ba, kaka na yi aka saki dabbobi, wanda bai yi sauri ya kewaye nasa da ƙaya ko tsohon kwando ba awaki suka gama dashi cikin 'yan kwanaki. A gonata darbejiya da dakwara da gawo mafi yawa sun rayu, turare gara ta ci da dama, mangwaro kuwa sai waɗanda na dasa kusa da gida inda yara ke zuba musu ruwa da jarka, na gona sun bushe a bazara. Sun yi alƙawarin musanya wanda ya mutu, sun cika akan sauran itatuwan, mangwaro suka ce sai dai ka sake saye. Da sun faɗi haka ranar ciniki da babu wanda zai ji haushi.

To yanzu kabon.

Ranar rajista a ƙofar gidan mai gari aka taru bayan la'asar, wani matashi daga cikinsu mai ladabi ya fito da babbar waya ya kunna mana bidiyo, sai ga dajin mangurof, bishiyoyin nan na bakin teku masu tsayuwa cikin ruwan gishiri, mata sun shiga laka har gwiwa suna dasawa, sannan rubutu ya fito cewa hekta ɗaya na riƙe kabon sama da tan 1,000. Yace kun gani ko, kowane tan kuɗi ne da dala, Turawa na saye, ku lissafa hekta nawa gareku. Wallahi na ga yadda idon mutane ya buɗe, har wani ya fara lissafi da yatsa a ƙasa. Ni kuma gabana ya faɗi, saboda na san bishiyar nan, a jihar Ribas na yi hidimar ƙasa kuma aikin gona nake koyarwa a sakandare yanzu, na san wannan lissafin ba na ƙasarmu bane.

Bari in bada labarinta yadda na ganta. Idan ka shiga kwalekwale cikin ƙoramun can lokacin da ruwan teku ya janye, za ka ga bishiyar tsaye akan saiwoyi da suka fito daga jikinta sama da tsayin mutum suka lanƙwaso suka caki laka, dubbai, sun sarƙe ko yaro ba zai ratsa ba. Lakar baƙa ƙirin, idan ka taka sai ƙafa ta lume kuma wani wari ya taso irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin shi ne alamar abin da ake magana a kai, babu iska a cikin lakar, ruwa ya cike ko'ina, don haka ganye da saiwa da reshen da ya faɗi basa ruɓewa da wuri, sai su kwanta, ruwa ya kawo sabuwar laka ya rufe, wata ta hau kan wata shekara ɗaruruwa har ta yi zurfin mitoci. Lakar kamar rumbu ce da aka liƙe bakinsa, abin da ya shiga ya zauna. Lambar nan ta tan 1,000 gaskiya ce, daga wani bincike ta fito da aka buga a 2011 a mujallar Nature Geoscience, an auna dazuzzuka 25 a yankin tekun Indiya da Fasifik aka samu matsakaicin tan 1,023 na kabon a hekta. Amma binciken da kansa yace tsakanin kashi 49 zuwa 98 cikin 100 na wannan kabon a cikin laka yake, ba a jikin bishiya ba. Kuma dazuzzuka ne da Allah ya tsiro da su tun kaka da kakanni.

Mu fa? Ganyen darbejiya ya faɗo a jigawarmu, akuya ta ci, gara ta kwashe, iskar hunturu ta tafi da saura, wanda ya rage rana ta ƙona shi. Ƙasarmu rairayi ce iska na ratsa ta ta ko'ina, abu baya daɗewa a cikinta. Kabon ɗin da za mu iya tarawa mafi yawansa a gangar bishiya da rassa da saiwa yake, kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma kowane tan na kabon daidai yake da tan 3.67 na iskar da ke ɗumama duniya wadda bishiyar ta zuƙe. Yana da amfani, babu mai musu. Amma ka ɗauki lambar dajin cikin laka ka ɗora akan gonar gero mai bishiya jefi jefi a Gumel ko Maigatari, wannan sa wa talaka rai ne akan abin da ba zai samu ba, ko da mai faɗin bai yi nufin yaudara ba.

Kuma ko mangurof ɗin, wanda mutum ya dasa daban yake da na asali. A 2024 mujallar Science Advances ta buga wani babban bincike wanda masana na hukumar gandun daji ta Amurka suka jagoranta, sun tattara bayanan shekara 40 daga wurare 684 da aka yi dashe a duniya. Abin da suka samu shi ne sai bayan kimanin shekara 20 kabon ɗin jikin bishiyoyin da aka dasa ke kaiwa kashi 71 zuwa 73 cikin 100 na wanda ke dajin da ba a taɓa ba, na cikin laka kuma ya tsaya wajen kashi 75. Ni wannan sakamakon ya faranta min rai don ya nuna dashe ba aikin banza bane, kashi 70 da ɗoriya ai ba kaɗan bane. Amma a duba shekarun, 20, a wurin da ruwa ke zuwa gindin bishiya sau biyu kullum ba tare da wani ya ɗauki jarka ba. Kuma wannan na waɗanda suka rayu ne. A Siri Lanka bayan ambaliyar tsunami ta 2004 an dasa mangurof da yawa, da masana suka koma suka duba wurare 23, a 9 ko guda ɗaya bai rayu ba, 3 ne kawai fiye da rabi ya rayu. A Filifin ma an yi kiyasin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne ke rayuwa a dashen da aka yi shekara da shekaru, saboda ana dasa irin da bai dace ba a wurin da bai dace ba, a ɗau hoto a tafi. Da na karanta wannan sai na tuna bikin dashen bishiya da ake yi mana duk shekara a bakin titi, manya su zo su dasa a tafa, bayan wata uku ko kututture babu.

Na ɗaga hannu nace ƙanena dan Allah tambaya, wa zai sayi kabon ɗin namu, wa zai zo ya auna ya tabbatar, kuma cikin kowace dala nawa ne na manomi nawa ne naku? Yace Malam ana kan tattaunawa da abokan hulɗa a waje. Nace to nawa kuke kiyasin darbejiya ɗaya ko gawo ɗaya zai tara a ƙasa irin tamu cikin shekara 10? Yace zai tambayo oga. Ban ga laifinsa ba, aiko shi aka yi, kuma bai yi min ƙarya ba, ya ce bai sani ba a gaban mutane wanda ba kowa ke iyawa ba. Laifin waɗanda suka aiko shi da bidiyon nake gani.

Takardar da suka kawo a sa hannu da Turanci take, shafi da yawa, babu fassarar Hausa balle ajami, a garin da yawancin masu gona dattawa ne. Na karɓa na karanta wa mai gari da dare. Shekara 30 ce yarjejeniyar, ba za ka sare bishiyar da aka yi wa rajista ba, wannan na gane dalili tunda idan ka sare ka ƙona kabon ɗin ya koma sama. Amma babu inda aka ce ko za ka iya sassabe reshe ka ba dabba ganye a rani, ko mata su samu itacen girki, kuma mu da me muke zaune? Babu maganar gado, alhali cikin shekara 30 gona nawa ce ba za a raba ba, idan magada suka raba wa ke ɗauke da alƙawarin kuma wa ke karɓar kuɗin? Babu maganar jingina ko aro. Idan fari ko gobara ko ambaliya irin ta 2022 ta kashe bishiyoyin, manomi ne zai biya? Shiru. Nace wa mai gari ranka ya daɗe ni shawarata a karɓi dashe a biya kuɗinsa, takarda kuma a dakata sai sun kawo ta da Hausa sun amsa waɗannan. Wasu sun riga sun dangwala, yawanci dai sun dakata.

Kar wani ya ɗauka ina cewa kuɗin kabon tatsuniya ce, a'a akwai inda ake yi kuma yana tafiya. A gaɓar tekun Kenya, a Gazi, akwai shirin Mikoko Pamoja da ya fara a 2013, mutanen ƙauye ne ke tsare hekta 117 na mangurof suna kuma dasa sabo, suna sayar da kimanin tan 3,000 na iskar kabon a shekara, wata ƙungiya mai suna Plan Vivo ce ke tantancewa, kuɗin kuma ana sa shi a ruwan sha da kayan makaranta na gari. Ka ga nan an san faɗin wurin, an san adadin, an san mai tantancewa, an san inda kuɗi ke zuwa, kuma aikin gari ake yi da shi, ba wanda ya sayi mota. Irin wannan bayanin nake so masu dashenmu su kawo. Idan da gaske suke abu ne mai yiwuwa, su auna bishiyoyin da ke tsohon shingen darbejiya da turare da gwamnati ta dasa a yankin nan tun muna yara, a ga nawa suka tara a wannan rairayin, sai a yi lissafi da lambar gida.

Abin da ke min ciwo kuma shi ne bamu buƙatar a ruɗe mu da dala kafin mu dasa bishiya. Wanda ya taɓa shuka gero iska ta binne shi da rairayi ya sake shuka ya san amfanin shinge. Jigawa na cikin jihohi 11 na shirin babbar katangar bishiyoyi ta Afirka wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021 ta kuma yi alƙawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take zuƙewa ba, duk wannan ba zai yiwu ba sai da bishiya mai rai a gonar manomi. Kuma mangurof ɗin da ake nuna mana a bidiyo kamar na wata duniya, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansa, a Neja Delta, kuma yana shan wahala, malalar mai na kashe shi, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 akan ƙasar Ogoni yace gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ga kuma wata bishiya dangin kwakwa mai suna nipa da aka shigo da ita Kalaba a 1906, yanzu ta mamaye wurare da yawa ta kori na asali, mutanen Hadejia da kachalla ta toshe wa hanyoyin ruwa za su gane irin wannan masifar. Masu binciken 2024 ɗin nan ma sun ja kunne cewa dashe baya maye gurbin tsare dajin da ke tsaye. Mu nan ana kayar da gawo da marke da suka shekara 50 a yi gawayi a loda a mota, sannan a kawo mana ɗan dashe mai tsawon kamu ɗaya ace an rama.

A nan ne Baba ya ƙara girma a idona. Da ya zo duba dashen bayan kaka, ya zaga gonata ya tsaya kan wasu kututturan sabara da kalgo da gawo da muke sassabewa duk shekara kafin shuka, yace Malam waɗannan ai sun fi nawa, saiwarsu ta riga ta kai ruwa. Ya karɓi adda ya nuna min, a kowane kututture ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi da suka miƙe, ka cire sauran, waɗanda ka bari ka share musu rassan ƙasa zuwa rabi, ka ɗaura ɗan tsumma don masu itace su san da mai shi. Sassaben zamani kenan da maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram suke yi tun shekarun 1980, wanda aka yi kiyasin ya dawo da bishiya kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar. Waɗanda na bari yanzu sun wuce ƙuguna, ko ɗigon ruwa ban zuba musu ba, gawon kuma kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye don haka baya hana gero rana, ga taki. Wannan baya cikin abin da na biya kuma baya kawo wa masu wurin ko kwabo, mutumin kawai yana son bishiya ne.

Don haka masu tambayata ko su saya, ku saya, musamman darbejiya da dakwara da gawo da tsamiya idan gona ce ta tudu, mangwaro da gwaba kuma sai in kana da ruwa a kusa ko fadama, turare a nisanta shi da rijiya da amfanin gona don yana da shan ruwa. Zuwa da kai ya fi saƙo, je ka zaɓa da hannunka ka farke leda ɗaya ka gani, ka tanadi ƙaya ko keji tun kafin kaka, a kuma rubuta maka ranar kawowa da irin da za a musanya idan ya mutu. Rajistar waya babu laifi su ɗau hoton bishiya, amma takardar gona kar ta bar hannunka, yarjejeniyar shekara 30 kuma sai an karanta maka da Hausa a gaban magadanka. Ni bana na riga na faɗa wa Baba ya ware min dakwara da tsamiya, kuma ba zan jira kurkurarsu ba, ruwa na zama a farkon Yuli zan tura amalanke a ɗauko.